Madalla Ta Girmi Sunan Ƙauye

Daga Wakilinmu na Arewa, Suleja

Duk wanda ya taso daga Kaduna zuwa Abuja a mota, da zarar ya hango Dutsen Zuma to ya iso Madalla. Dattawa sun ce a dā ƙauye ce ta manoma, 'yan gidaje jefi-jefi da gonakin doya da dawa. Abin ya fara sauyawa a 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Garin da ake kira Abuja ya ba da sunansa kyauta, ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, sai Madalla ta wayi gari tana bakin iyaka, kafaɗa da kafaɗa da Zuba.

Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya kuɗin haya a Garki ko Wuse. Masinja da direba da birkila da mai gadi, duk nan suka kwararo. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo wasu dubbai. Yau gidaje sun cinye gonaki, har ba ka gane inda Madalla ta ƙare Suleja ta fara.

To, mutum nawa ke cikinta? A nan gizo ke saƙa. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Suleja baki ɗaya mutum kimanin 216,000. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure. An shirya wata ƙidayar a 2023, aka ɗaga ta. Alhali kuwa yawan jama'a yana cikin ma'aunin da ake raba kuɗin Tarayya da shi. Ke nan da tsohon lissafi ake yi wa Madalla kasafin aji da famfo da ɗakin magani. Mutanen suna wuni a Abuja, can suke zuba guminsu, amma Jihar Neja ce za ta kwashe musu shara, ta koyar da 'ya'yansu. Jama'a, wannan adalci ne?

Batun hanya ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Titi guda ne ke ɗauke da kowa: tirela mai zuwa Kano, tankar mai daga defon Maje, da bas ɗin ma'aikata. Ranar kasuwa kuwa sai a kasa kaya har kan kwalta. Na taɓa barin gida bayan sallar asuba, ban shiga Abuja ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Kuma ba mu manta da Dikko ba, nan gaba kaɗan, inda tankar mai ta kama wuta a watan Janairu na 2025, mutane fiye da 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana da tasha a Idu da Kubwa da Jere, har da Rijana. Suleja da Madalla ba su samu ba. Ko da ma an ba su, jirgin doguwar tafiya ne, ba na mai zuwa ofis kullum ba.

Ni dai a ganina bai kamata a zauna jiran ƙidayar ƙasa ba. Ƙaramar hukuma tana iya haɗa kai da masu unguwanni a ƙirga gidaje, kamar yadda ake yi zamanin En'e lokacin haraji, a kai lissafin Minna. Gwamnan Neja da Ministan Abuja kuma su zauna su sanya manyan bas-bas daga Madalla zuwa cikin birni safe da yamma, a raba kuɗin gida biyu. Kasuwa kuma a ba ta fili nesa da titi, da wurin tsayawar motoci, kafin a ce wa 'yan tireda su tashi.