Maganin Ciwon Sukari Daga Turɓayar Kenya

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, masu ciwon sukari ke kukan tsadar magani, don yawancinsa daga ƙetare ake shigowa da shi. Abin haushi, ɗaya daga cikin magungunan nan, watau acarbose, tushensa nan Afirka ne. Masanan kamfanin Bayer na Jamus suka same shi jikin wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda aka samo cikin turɓayar Kenya. A 1990 suka fara sayar da shi da sunan Glucobay. Turɓaya tamu, riba tasu.

Aikinsa cikin hanji ne. Tuwo, teba, sakwara, burodi, duk sai wasu sinadaran hanji sun farfasa su kafin su zama sukari su shiga jini. To, maganin nan yakan rage wa sinadaran ƙarfi, sai sukari ya riƙa shiga sannu-sannu. Shi ya sa ake haɗiye shi tare da lomar farko. Lalle ya dace da irin cimarmu a nan Kudu, inda rogo da doya ke cika kwano. Mutanen Sin, masu cin shinkafa, sun karɓe shi ƙwarai.

Amma fa yana kumbura ciki da iska, wani lokaci har zawo. Kuma wanda ke haɗa shi da allurar insulin, in sukarinsa ya faɗi, sukarin shayi ba zai farfaɗo da shi da wuri ba, sai gulukos. Kada a saya a kemis ba da izinin likita ba.