RA'AYI: Kyamarar da ke bin mai liƙi ta bar makaɗi

Watanni kaɗan da suka wuce wani ɗan'uwana ya turo mini bidiyon walimar naɗin sarautar wani abokin aikinmu na nan Abuja, wadda aka yi a Mubi. Ban samu halarta ba, don haka na zauna da daddare na kalle shi daga farko har ƙarshe. Abin da na fi ɗoki shi ne ganin wasu tsofaffin makaɗa da mabusa da aka ɗauko daga ƙauyukan gindin dutse, waɗanda rabona da jin su tun ina yaro. An shaida mini sun yi wasa na kusan rabin sa'a. A bidiyon kuwa ba su kai minti uku ba, kuma a cikin ukun nan ban ga hannun mai ganga ya kammala salo ɗaya ba. Da ya ɗaga sandar kiɗa sai hoto ya tsallaka kan hular babban baƙo, daga nan zuwa jerin motoci, daga nan zuwa rumfunan taro kamar yadda ƙaramin jirgin ɗaukar hoto ya hango su daga sama. Kafin a dawo kan tsohon, har ya shiga wani kiɗan. Daga bisani ma aka danne sautinsa gaba ɗaya, aka ɗora wata waƙar situdiyo ta yabon mai gayya a kai, ga ƙafafun 'yan rawa suna taka wani abu, kunne yana jin wani abu daban.

Na yi zaton wannan ciwo namu ne mu kaɗai, sai na tarar masu sha'awar wani kiɗan Turawa sun shafe fiye da shekara ashirin suna kuka da irinsa. Kiɗan shi ne hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, kiɗan jita mai lantarki da ganguna masu ƙara, wanda akasari ake danganta tushensa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Na san ba kiɗan da mai karatu zai saka a motarsa a kan hanyar Kubwa ba ne, ni ma ba na saka shi. Amma gardamar da suke yi ta shafe mu, domin a kan tambaya ɗaya take: idan mutum yana kiɗa a gaban jama'a, ina ya kamata idon kyamara ya tsaya, kuma har tsawon wane lokaci?

Misalin da suka fi kawowa shi ne na ƙungiyar Iron Maiden. A watan Janairun 2001 ta yi wasa a bikin Rock in Rio a Birazil, gaban mutum kimanin 250,000, aka fitar da bidiyon a 2002. Jagoran ƙungiyar, Steve Harris, shi ya zauna ya tace hoton da kansa. Babu wanda ya ce wasan bai yi kyau ba. Ƙorafin da aka yi ta yi shi ne yawan yanka, hoto ba ya zama wuri ɗaya, ana ta tsalle daga wannan kyamara zuwa waccan har ido ya gaji. Da aka fitar da bidiyon wasan da suka yi a Dortmund ta Jamus a 2003, ƙorafin sai ya ƙaru. Ƙungiyar tana da masu jita uku, kuma mai kallo da ya biya kuɗinsa yana son ya ga yatsun wanda ke jan kiɗa a daidai lokacin da yake ja. Idan aka nuna masa hayaƙi da fitilu da taron jama'a a wannan gaɓa, an hana shi abin da ya saya. Shi ya sa da yawa daga cikinsu har yau suke fifita tsohon bidiyon ƙungiyar na 1985, Live After Death, wanda kyamara take ɗan haƙuri a cikinsa.

Dalilin da ya sa hannu yake da wannan daraja a wurinsu yana cikin tarihin kiɗan. Tony Iommi, mai jitar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya ƙera wa kansa 'yan huluna na roba ya rufe yatsun, ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sautin ya sauko ƙasa ya yi nauyi. Wanda ya ɗauki irin wannan makaɗi a bidiyo bai nuna hannunsa ba, ya ɓoye rabin labarin.

Masu yawan yanka suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa allo ba fili ba ne. Wanda ke cikin taro yana jin ganga a ƙirjinsa, wanda ke falo kuwa ba ya ji, saboda haka dole mai tace hoto ya ƙirƙiro zafin da saurin yanka. Na yarda da wannan a tallar minti ɗaya. Ban yarda da shi a bidiyon cikakken wasa ba, domin an gwada akasinsa kuma ya ci nasara. A 1984 darakta Jonathan Demme ya fitar da fim ɗin wasan ƙungiyar Talking Heads mai suna Stop Making Sense. Ya bar kyamara tana zama a kan makaɗa na dogon lokaci, bai cika waiwayar 'yan kallo ba sai can wajen ƙarshe. Bayan shekara kusan arba'in, a 2023, aka sake haska shi a gidajen sinima mutane suka cika, kuma tun 2021 Amurka ta sa shi cikin rajistar finafinan da take adanawa.

Mu ma muna da irin wannan shaida a gida, duk da cewa ƙarancin kayan aiki ne ya ba mu ita. Duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan talabijin na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, zai ga kyamara ta tsaya cak kamar an dasa ta. Hoton ya dushe, launin ya koɗe, amma kana ganin yadda mai kalangu yake matse tsirkiya a hammata ya saki don murya ta hau ta sauka, kana ganin yadda 'yan amshi suke kallon bakin Shata suna jiran inda zai ajiye zance, kana ganin yatsan Ɗanmaraya a kan kuntigi. Yaron da aka haifa bayan mutuwarsu zai iya zama ya koya daga wannan. Masu ɗaukar hoton wancan zamani ba su da na'urar da za ta sa hoto ya yi juyi ko ya tarwatse ya zama taurari, kuma rashin ya zame mana alheri.

Haka labarin Mdou Moctar, Buzun Nijar mai jita da hannun hagu, wanda a yau Turawa masu son kiɗa mai nauyi suke tururuwar kallonsa. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, kuma ta wayoyin hannu da katin ajiya waƙoƙinsa suka fara yawo a ƙasashen Sahel. Bidiyon bukukuwan Agadas da ake ɗauka da waya ɗaya, hannu na rawa, ƙura na tashi, sau da yawa sun fi wanda aka kashe wa kuɗi gamsarwa, saboda mai wayar ya san abin da ya zo kallo, kuma ba shi da wata kyamarar da zai tsallaka zuwa gare ta.

Sai dai ciwon namu ya ɗan bambanta da na Turawa. Su mai tace hotonsu zumuɗi ne yake ɗibarsa. Namu kuwa yana sane sarai, ya san wanda zai biya shi, kuma ya san abin da za a fara dubawa idan ya kai aiki. Ba za a tambaye shi ko kiɗan ya fito ba. Za a tambaye shi sau nawa Oga ya fito, ko an nuna isowar wakilin Minista, ko an ga lokacin da Hajiya ta tashi liƙi. Yaron da ke da kwamfuta ɗaya a shago a Lokuwa ko Shuware ba zai yi jayayya da wanda ya zo daga Abuja da kuɗi a hannu ba. A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu ma'aikata da hadimai masu shirya wa iyayen gidanmu taro. Mu ne muke kiran mai bidiyo, mu ne muke tsaya masa a ka muna nuna masa inda zai haska, mu ne muke mayar masa da aiki idan fuskar wani babba ba ta fito sosai ba. Ban taɓa jin an mayar da aiki don an yanke wa mai algaita numfashi a tsakiyar busa ba.

Abin dariya ma, wannan liƙi da muke nacewa a nuna, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta shi, kuma hukumar EFCC tana gurfanar da mutane a kansa, galibi da hujjar bidiyo. Hadimin da ya sa aka haska ubangidansa yana watsa sababbin takardun Naira na tsawon minti goma, ya san irin hidimar da ya yi masa.

Wani zai ce biki ne kawai, mene ne na ɗaga jijiyar wuya? A wani gari wataƙila haka ne, a Mubi kuwa da sauran magana. Gari ne da Gude da Fali da Nzanyi da Fulani da Hausawa da Higi da Margi suka haɗu, a bakin iyakar Kamaru, a gindin tsaunukan Mandara, tsohuwar hedikwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Kowace al'umma da gangarta da busarta da takunta, kuma mafi yawan wannan ilimi ba a rubuce yake ba, yana hannun mutane ne da ƙafafunsu. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama garin, ta sauya masa suna, jama'a suka fantsama zuwa Yola da Kamaru da kan duwatsu kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. An wawashe shaguna, an ƙona gidaje, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kaset. Ko Sukur da ke Madagali, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1999, bai tsira daga hari ba. Tsofaffin da suka dawo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma da dama sun kama acaba ko sun tafi birni. A irin wannan hali, bidiyon biki shi ne sau da yawa kaɗai abin da zai rage na wani salon kiɗa. Mai tace hoton da ya datse shi bai san cewa kundin tarihi yake yagawa ba, wanda ya ba shi aikin ma bai sani ba.

Akwai kuma abin da yankan gaggawa yake lalatawa musamman a kiɗan wannan yanki. Kiɗan taro ne, ba na tauraro ɗaya ba. Mabusa suna karɓa wa juna, wannan ya sa murya wancan ya cike, masu ganga suna bin ƙafar 'yan rawa, 'yan rawa suna bin ganga, da'irar tana juyawa a hankali har ta yi zafi. Ba a gane wannan sai an ga kowa a hoto ɗaya na tsawon lokaci. Idan aka yayyanka shi aka haska fuska ɗaya bayan ɗaya, abin da zai saura shi ne tufafi masu launi da mutane suna tsalle, irin hoton da ake sa wa a kalandar ma'aikata.

Gyaran ba ya bukatar sabon kasafi. Duk wanda zai ba da aikin bidiyon taro, ko na gida ko na ma'aikata, ya sa sharaɗi tun farko cewa kyamara ɗaya za ta tsaya a kan makaɗa daga fara wasa har gamawa, ba za ta motsa ba ko da Gwamna ne ya shigo. Sauran kyamarorin su bi manyan baƙi yadda suke so. A ɗauki sautin filin da makirufo na musamman, kada a ɗora wata waƙa a kansa. A rubuta sunayen makaɗan da ƙauyensu da sunan kiɗan, abin da ba ya cin minti biyar amma kusan ba a taɓa yi. Sannan a karɓi ɗanyen hoton gaba ɗaya tare da wanda aka tace. Gajeren bidiyon Oga na Facebook da TikTok a yi shi, babu laifi, muddin dogon yana nan. Masu aiki a ma'aikatar al'adu da Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, wadda ke shirya bikin NAFEST, suna da damar sa wannan a takardar kwangila. Hukumar Finafinai ta Najeriya tana da ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti a Jos, Mubi kuma tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, kowacce da ɗakin karatun da zai iya riƙe kwafi.

Washegarin da na kalli bidiyon nan na nemi lambar yaron da ya tace shi na kira. Yaro ne mai ladabi, kuma da ya ji abin da nake nema sai ya ce, “Baba, wallahi ni ma wasan tsofaffin nan ya fi burge ni, na ɗauke shi duka.” Na ce to ya turo mini, ko nawa ne zan biya. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce katin ajiyarsa biyu ne kacal, ya goge su tun a makon, saboda yana da ɗaurin aure a Maiha ranar Asabar.