Kwamfutar wasanni a ƙasar zafi: Sanyaya ta fi ado muhimmanci

Matashin da ya tara kuɗi ya nufi Banex Plaza a Abuja ko Computer Village a Ikeja domin a haɗa masa kwamfutar buga wasanni, yawanci abu biyu yake tambaya: ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da girman katin sarrafa hoto. Ba kasafai yake tambayar yadda zafi zai fita daga cikin akwatin ba. A ƙasa irin Nijeriya kuwa, wannan ce tambayar da ta kamata ta zo farko.

Kowace furosesa tana da iyakar zafin da za ta jure. Mafi yawan na Intel da ake sawa a kwamfutar tebur iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyos, yayin da AMD ya tsara yawancin jerin Ryzen 7000, da ya fara fitowa a 2022, su yi aiki har digiri 95. Da zarar an kai iyakar, furosesa kan rage gudunta da kanta don kada ta lalace, sai wasa ya riƙa cijewa, mai shi yana zargin intanet. A lokacin wasa, digiri 60 zuwa 80 shi ne daidai. Idan ma'auni ya zauna kusa da 90, akwai abin dubawa, kuma manhajar HWiNFO tana nuna shi kyauta.

Abin da ake mantawa shi ne fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi kawai take yi ta zuba a iskar ɗaki. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan haka furosesa za ta ƙara. Masu gwajin kaya a Turai da Amurka kan auna ne a ɗaki mai digiri 22 ko kusa da haka. Na'urar da ta tsaya a 75 a wajensu tana iya tunkarar 90 a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a watan Maris ko Afrilu, balle a Sakkwato ko Maiduguri inda bazara kan haura digiri 40. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska sannu a hankali.

Wasu na cewa tunda furosesa tana kare kanta, ba abin damuwa. Gaskiya ne da wuya ta ƙone, amma wanda ya biya kuɗin gudu ya samu tafiyar hawainiya ya yi asara. Zafi kuma yana rage kwanan sauran sassa, musamman akwatin rarraba wuta, kuma farashin canza su yana bin dala.

Maganin bai kai tsadar asarar ba. Akwati mai raga a gaba ya fi mai rufin gilashi da fitilu kala-kala, wanda sau da yawa kyan ɗan maciji gare shi. Fankokin da ke shigo da iska, da matatar ƙura a gabansu, su ɗan rinjayi masu fitarwa. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bango, a bushe ƙurarsa akai-akai a lokacin hunturu, a sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya bayan shekara biyu ko uku. Babban ƙarfen sanyaya mai fanka ya wadatar da yawancin masu wasa, ya kuma fi na ruwa sauƙin gyara, domin na ruwa idan famfonsa ya tsaya sai a sake shi ɗungurungum.

Masu haɗa kwamfuta su ma akwai haƙƙi a kansu. Ya kamata su gwada na'ura a gaban mai saye, su nuna masa zafinta tana tsakiyar aiki, kafin kuɗi ya shiga hannunsu.