Tsarkin Wasa ko Tsoron Kaye?

Mun gaji da masu ce mana wai a da wasa tsarkakakke ne, kuɗi ne suka ɓata shi. Su je su duba tseren kwale-kwale na Ingila. A 1879 masu shirya gasar Henley suka fayyace wanda zai shiga: ban da mai cin abinci da aikin jirgi, ban da makaniki, ban da mai sana'ar hannu, ban da lebura. Ƙungiyar tseren ta ƙasa, da aka kafa a 1882, ta bi sahu. Wai aikin ƙarfi ya ba talaka damtse, karawar ba za ta yi adalci ba. Mu dai tsoron kaye muke gani! Masu fito na kogin Tems tun 1715 suke tserensu, kuma su ake biya su koya wa 'ya'yan manya tuƙi. Dole masu ƙaramin ƙarfi suka kafa tasu ƙungiyar a 1890. A 1920 Henley ta ƙi karɓar Ba'amurke Jack Kelly, cikin dalilan har da ya taɓa aikin gini. Shekarar ya ci zinare biyu a Olamfik. Sai a 1937 aka soke dokar.