Intanet a gida: A rage kuɗi, amma kada a sayi arahar da za ta tsinke

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, kuɗin data ya shiga sahun kuɗin makaranta da na cefane a lissafin magidanta. Kamfanonin sun nemi a ninka farashin ne, suna kuka da tsadar dizal da faɗuwar naira, hukumar ta ba su rabi. Ko ma dai mene ne hujjarsu, aljihun mai gida ne ya ɗauki nauyin. Kuma intanet ta wuce matsayin abin nishaɗi a gidajenmu. Da ita ɗalibi ke rajistar JAMB, da ita ɗan Buɗaɗɗiyar Jami'a ke miƙa aikinsa, da ita uwargida ke tallan turaren wuta da atamfa, da ita ma'aikaci ke halartar taro daga ɗakinsa.

Abin da nake gani shi ne, mutane da yawa idan tsada ta matsa musu sai su ruga wajen kamfanin da ya fi kowa yawan giga a kan kuɗi kaɗan. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Giga ɗari da ba ta buɗe shafi a ranar ƙarshe ta rajista ba ta da amfani ga ɗalibin da aka rufe wa ƙofa. A ganina tsarin da ya dace shi ne mutum ya fara toshe ɓarna, sannan ya ɗauki wani abu daga rarar da ya samu ya sayi kwanciyar hankali da ita.

Mu fara da ɓarnar. Kafin mai karatu ya sauya kamfani, ya fara sanin inda datarsa ke tafiya. Lambar *323# tana nuna abin da ya rage a kowane layi, kuma kowace waya tana da wurin da take lissafa abin da kowace manhaja ta ci. A duba tsawon mako biyu. Kusan kullum bidiyo ne ke kan gaba. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a matsakaicin hoto yana cin kusan giga 1, hoto mai tsabta sosai yana kai giga 3, mafi tsabta kuwa har giga 7. Gidan da ke kallon awa biyu kullum a mataki na biyu zai ƙone giga 180 a wata, alhali a mataki na farko giga 60 ta ishe shi. A fuskar wayar hannu, ido ba ya cika rarrabe bambancin. Haka lissafin yake a YouTube da sauransu: a shiga saiti a sauke ingancin hoto sau ɗaya, a huta.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Waya da kwamfuta suna ɗauka cewa duk Wi-Fi kyauta ce, don haka da zarar sun hau na'urar gida sai su shiga sabunta manhajoji da tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da neman izini ba. Wannan tunani ya dace da ƙasashen da ake biyan kuɗin wata ba tare da awo ba. Mu a nan yawancin na'urorinmu layin waya ne a cikinsu, kuma da awo ake sayar mana. Android da Windows duka suna da saitin da ake shaida musu cewa wannan Wi-Fi ta awo ce, sai su kame hannu. A haɗa da hana WhatsApp sauke bidiyon zaurukan dangi da na tsofaffin ɗalibai da kansa, a hana Facebook kunna bidiyo kafin a taɓa shi. Sannan a sauya lambar sirrin da na'ura ta zo da ita, domin ba abin mamaki ba ne a tarar samarin majalisar ƙofar gida sun daɗe suna shan romo.

Bayan an san ainihin buƙatar gida, sai a zo kan saye. Ƙa'idar kasuwa ce cewa sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Gidan da mutum biyar kowa ke saka datar kwana ɗaya ko ta mako a wayarsa yana biyan giga da tsada fiye da gidan da ya haɗa kuɗin ya sayi babban tsari na wata a na'ura guda. A raba kuɗin tsari da yawan gigar da ke cikinsa, a kwatanta, kada a tsaya ga kalaman talla. Tsarin da ake cewa ba shi da iyaka ma a karanta sharuɗɗansa, domin galibi akwai adadin da idan an kai shi ake rage gudu har abin ya koma tafiyar hawainiya. Tambayoyi biyu ne za a yi wa mai sayarwa: a giga nawa ake rage gudun, kuma zuwa nawa? Idan ya kasa amsawa, a ci gaba da tafiya.

Wane kamfani ya fi? Wannan tambaya ba ta da amsa guda ga Kano da Gusau da Yola, kai ko ga unguwanni biyu a gari ɗaya. Ƙarfin sabis ya dogara ne da nisan gida daga turken sadarwa da yawan mutanen da ke kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ari layin maƙwabci ko a saka data kaɗan, a gwada a cikin ɗakin da za a yi aiki, kuma da dare tsakanin ƙarfe 8 da 10, lokacin da kowa ya hau. Gwajin safiya yaudara ce. Haka na'urar 5G, wadda MTN ya fara kawowa a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023: idan sabis ɗin bai iso unguwarku ba, an sayi doki ne an ɗaure a turke. Wurin ajiye na'ura ma yana da tasiri. A ɗora ta sama kusa da taga, a tsakiyar gida, nesa da bayan talabijin da kwanon rufi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya gyara abin da ake shirin kashe dubbai a kansa.

Yanzu ga inda nake cewa a kashe kuɗi. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankuna sun tsaya cik, harkoki sun dagule. Amma wayoyin Glo-1 da Equiano ba sa cikin waɗanda abin ya shafa, kuma wanda zirga-zirgarsa ke bi ta kansu bai sha wahala kamar saura ba. A cikin gida kuwa, masu aikin titi da ɓarayi suna tsinka wayoyin ƙarƙashin ƙasa a kai a kai, abin da ya sa gwamnatin tarayya a 2024 ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Darasin a fili yake: kowane gida ya ajiye layi na biyu daga wani kamfani daban, da 'yar data mai dogon wa'adi. Ba zan ce wannan ya magance komai ba, domin kamfanoni kan yi tarayya a turke ɗaya mallakar irin su IHS, kuma idan injin turken ya mutu kowa ya mutu. Duk da haka, yawancin katsewar da muke gani ta kamfani ɗaya ce.

Na biyu shi ne wuta. Arewa ba ta manta da duhun watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohi suka kwashe kwanaki babu lantarki. Data ta wata tana ƙarewa ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Na'urar Wi-Fi ba ta cin wuta mai yawa, kusan daidai da ƙwan lantarki ɗaya ko biyu na zamani. Ƙaramin batir da aka yi domin ta, ko ɗan faifan sola, ya fi tayar da janareta sauƙi nesa ba kusa ba.

Starlink, da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ya taimaki wuraren da turke bai kai ba, amma kuɗin kwanonsa da na wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ya fi sauran na'urori cin wuta. Inda akwai wayar fiba a unguwa, ita ce ta fi dorewa. Irin waɗannan sun fi dacewa da babban gidan gandu ko ɗaliban da ke haya a gida ɗaya, a yi karo-karo, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a duba sharuɗɗan kamfani kafin a ja waya zuwa gidan maƙwabci.

A ƙarshe, mai biya yana da haƙƙi. Idan sabis ya lalace ko data ta zurare ba dalili, a kira kamfani a lambar 300, a karɓi lambar ƙorafi a adana. Idan ba a share hawaye ba, NCC tana da lambar 622 kyauta. Hukumar ta ce ta amince da ƙarin farashi ne bisa sharaɗin inganta aiki. Mun cika namu ɓangaren tun da muna biya, saura mu riƙa tambayar nasu.

Sai mako mai zuwa.