Filin Lambu: Furen Nokawut Ba Ya Tsoron Hunturunmu

 

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wata 'yar shuka da masu sayar da furanni a bakin titi suke yawan kasawa. Rassanta sirara ne, koraye shar, suna zubowa ƙasa kamar jelar doki, ganyenta kuwa ƙanana ne har sai mutum ya duba da kyau kafin ya gan su. Furenta ja wur ne, dogo, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Turawa suna kiranta da sunan abin wasan wutar nan da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti, don haka mu ma bari mu ce mata furen nokawut. Masana kuwa Russelia equisetiformis suke ce mata. Asalinta daga ƙasar Meziko ne da maƙwabtanta. An raɗa wa danginta wannan suna ne don girmama Alexander Russell, wani likita ɗan Sikotlan da ya zauna a birnin Halab na ƙasar Sham, har ya rubuta littafi a kan tsirrai da dabbobin wurin a 1756.

To, abin da ya sa muka ɗauko zancenta shi ne gargaɗin da ake gani a littattafan lambu da intanet, wai ba ta jure sanyi, sai a shigar da ita ɗaki. Gaskiya ne, amma ba da mu ake ba. Sanyin da suke nufi shi ne wanda ke kaiwa digiri 0, raɓa ta daskare ta zama ƙanƙara a kan ganye, ruwan da ke cikin rassan ma ya daskare ya fasa su. Wannan matsalar mutanen Turai ce da arewacin Amurka. 'Yan'uwanmu da ke Bronx ko Hamburg, su kam dole su shigar da tukunyarsu ciki su ajiye ta kusa da taga har sanyi ya wuce. Mu nan Ghana fa? Daga Nima har Tamale da Bolga, komai tsananin hunturun Disamba da Janairu, ko kusa bai kai nan ba. Mu dai ne muke rawar ɗari, ita ko a jikinta.

Wanda ya ɓoye ta a ɗaki ko zaure da sunan tausayi, ya hana ta abin da ta fi so, wato rana. In ta samu hasken rana kamar awa 6 a yini, sai ta yi ta fure kusan shekara zagaye. A inuwa kuwa rassan za su yi tsawo a banza, furen ya ƙaurace. Abin da hunturu ke yi mata kawai shi ne busar da ƙasar tukunya da wuri, ga kuma ƙura. Maganin wannan ban-ruwa ne da sassafe, tare da ɗan yayyafi a kan rassan.

Sai dai a kula, yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe ta. Saiwarta ba ta son kwana cikin taɓo, nan da nan take ruɓewa. Mutanen Kumasi da Ankara, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara, su ne suka fi buƙatar jin wannan. A huda gindin tukunya ko bokitin fenti, a zuba tsakuwa kaɗan, sannan a haɗa ƙasa da yashi da takin tumaki wanda ya riga ya ruɓe. Kafin a ƙara ruwa a soka yatsa, in da danshi a bari sai gobe. Ruwan alwala ya wadatar da ita, amma na wanki mai omo a nufi kwata da shi. Farantin da wasu ke sawa a ƙarƙashin tukunya kuwa, mu dai ba mu ga amfaninsa ba in ban da raino wa sauro 'ya'ya.

Tun da yawancin gidajenmu na zango an shafe tsakar gida da siminti, ga kuma awaki, ya fi kyau a ɗora tukunyar a kan katanga ko wani abu mai tudu. Nan ne ma take nuna kyanta, rassan su zubo kamar mita 1 ko fiye. Za ku ga ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki suna zuwa shan zaƙin furen.

Tsofaffin rassa da suka bushe a yanke su daga tushe, sababbi za su tofo. Kada a yi mata askin kwano irin na shinge, yana ɓata mata siffa.

Wanda ya gani a gidan maƙwabci yana sha'awa, ba sai ya kashe sidinsa ba. A tanƙwaro reshe ɗaya ba tare da an yanke shi ba, a binne tsakiyarsa a wata tukunya, a danne da dutse. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa, sai a raba shi da uwar. Farkon damina ya fi dacewa da wannan aiki, amma a fara yin sallama a nemi izinin mai ita tukuna.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.