Kuɗi, Kofi da Mudu Biyu a Gasar Firimiya

Duk lokacin da gasar Firimiya ta Ingila ta shiga zangon ƙarshe, musu ɗaya ne ke cika gidajen kallo da teburan masu shayi. Wannan ya ce Manchester City sayen kofi take yi da kuɗin mai, wancan ya ce hassada ce kawai, ai kowa ma kashe kuɗi yake yi. Ni a ganina kowannensu yana da hujja, amma ainihin rashin adalcin yana cikin dokar da ake auna ƙungiyoyi da ita, da yadda ake zartar da ita.

Mu fara da abin da ba ya ɓoyuwa: kuɗi na aiki. Kafin Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi City a 2008, rabonta da kofin gasar tun 1968. Daga 2012 zuwa 2024 ta ɗauka sau takwas, huɗu daga ciki a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin Ingila. Chelsea ma shekara 50 ta yi tana jira, sai da Roman Abramovich ya zo a 2003, bayan shekara biyu kofi ya shigo gida. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya daɗe da nuna cewa idan aka duba shekaru masu yawa, albashin da ƙungiya ke biya shi ne ya fi komai nuna inda za ta tsaya a teburi.

Dalilin a fili yake. Gasa ce ta wasa 38, ga kofunan cikin gida, ga na Turai. Mai ƙaramin ƙarfi na iya doke babba a rana ɗaya, amma idan Fabrairu ya yi, raunuka suka yi yawa, gajiya ta kama ƙafa, wanda ke da gwanaye a benci shi ke ci gaba da tara maki. A 2019 Liverpool ta haɗa maki 97, sau ɗaya tak aka doke ta, duk da haka City ta wuce ta da maki ɗaya. A 2024 Arsenal ta kawo 89, City ta kawo 91. Bambancin maki ɗaya ko biyu, sau da yawa ɗan wasan da ya taso daga benci a minti na 70 ne ke kawo shi, shi kuwa da kuɗi aka saye shi.

Masu cewa ƙwallo ba ta san kuɗi ba kullum da Leicester suke kafa hujja. Gaskiya ne, a 2016 ta ɗauki kofi da maki 81, da Jamie Vardy wanda ta sayo kan fam miliyan ɗaya, da Riyad Mahrez wanda kuɗinsa bai kai rabin miliyan ba. To amma me ya biyo baya? Kafin a fara sabuwar kaka Chelsea ta ɗauke N'Golo Kante. A 2018 City ta ɗauke Mahrez kan fam miliyan 60. A 2023 Leicester ta faɗa gasa ta biyu. Daga 1992 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai kacal suka taɓa ɗaga wannan kofi, biyu daga cikinsu sau ɗai-ɗai.

Sai dai masu kukan kuɗin mai su ma su duba gidansu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Blackburn ta ci kofin 1995 ne da dukiyar Jack Walker, wanda ya sayo Alan Shearer da kuɗin da ba a taɓa biya ba a Birtaniya a lokacin. Manchester United ta biya fam miliyan 89 kan Paul Pogba a 2016. Liverpool ta biya miliyan 75 kan Virgil van Dijk. Arsenal ta biya kimanin miliyan 105 kan Declan Rice. A cikin masu fafutukar kofi babu talaka ko ɗaya.

Kuma kuɗi kaɗai ba ya buga ƙwallo. United ta kashe fiye da fam biliyan ɗaya a shekaru goman da suka biyo bayan tafiyar Alex Ferguson a 2013, ba ta ga kofin gasar ba. Chelsea ta sayi Enzo Fernandez kan sama da fam miliyan 100 a Janairun 2023, ta ƙare kakar a matsayi na 12. Duk wanda ya kalli yadda yaran Pep Guardiola na City suka haɗa maki 100 a 2018 ya san akwai aiki da basira a wurin. Kuɗi na shigar da ƙungiya sahun masu takara, iya aiki kuma shi ke fitar da zakara a cikinsu.

To ina zaluncin yake? Wuri na farko shi ne ginin dokar kanta. Ƙa'idar Firimiya da aka hukunta ƙungiyoyi da ita ta ce kada asara ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Ta hukumar UEFA ta ce abin da ake kashewa kan 'yan wasa kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga. Manufar tana da kyau, wato kada ƙungiya ta ci bashin da zai rusa ta. Amma a aikace, wanda ya riga ya yi arziki an ba shi damar ci gaba da kashewa, mai tasowa kuma an ɗaure masa hannu. Newcastle, duk da cewa asusun gwamnatin Saudiyya ya saye ta a 2021, sai da ta sayar da Elliot Anderson, yaron da ta rena da kanta, a Yunin 2024 don daidaita lissafi. Aston Villa ta ƙare ta huɗu a shekarar, ta samu gurbin gasar Zakarun Turai, ita ma ta sayar da Douglas Luiz. Chelsea da City sun shige kafin a rufe ƙofa, na bayansu sun tarar da ita a garƙame.

Wuri na biyu shi ne saurin hukunci. A Nuwamban 2023 aka cire wa Everton maki 10 saboda ta zarce iyaka da fam miliyan 19.5. Da ta ɗaukaka ƙara aka mayar da su shida, daga baya aka ƙara cire biyu. A Maris na 2024 Nottingham Forest ta rasa maki huɗu. Ita kuwa City, tun Fabrairun 2023 aka gabatar mata da tuhume-tuhumen da aka fi sani da 115, mafi yawansu kan bayanan kuɗi daga 2009 zuwa 2018. Ba a fara sauraron shari'ar ba sai Satumban 2024. Kakar 2023, da ta 2024, da ta 2025 duk sun ƙare babu hukunci, kuma biyu daga cikinsu City ce ta ɗaga kofi.

Dole a yi wa City adalci a nan. Ta musanta dukkan zargin, kuma tuhuma ba hukunci ba ce. A 2020 UEFA ta dakatar da ita shekara biyu, kotun wasanni ta duniya ta soke dakatarwar, ta rage tarar zuwa yuro miliyan 10. Haka kuma shari'ar Everton, wadda ta amsa cewa ta zarce iyaka, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka jinkirin ya cuci kowa. Idan da laifi, an tauye waɗanda suka zo na biyu da waɗanda suka faɗi ƙasa a shekarun. Idan babu, an bar 'yan wasan da suka yi gumi suna yawo da tabon da ba su cancanta ba. Kasuwar da ake auna wa mai ƙaramin ƙarfi da mudu ɗaya nan take, a ce mai lauyoyi ya dawo baɗi a nemo nasa mudun, ba za ta daɗe da amincin jama'a ba.

Wasu na ganin maganin shi ne a hana attajiran waje mallakar ƙungiyoyi, kamar yadda dokar 50+1 ta Jamus ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi. Tsari ne mai kyau ta fuskar mutuncin magoya baya, amma bai hana Bayern Munich ɗaukar kofi sau 11 a jere ba, har sai da Bayer Leverkusen ta su Victor Boniface ta karya lagonta a 2024. Matsalar tazara ce tsakanin na sama da na ƙasa, ko daga ina kuɗin ya fito. Shi ya sa nake goyon bayan shawarar da aka kawo a 2024, ta a kafa iyakar kashe kuɗi guda ga kowa, wadda za a lissafa daga kuɗin talabijin da ƙungiyar ƙarshe ke samu. Abin lura, United da City, abokan gaba a fili, dukansu suna cikin waɗanda suka ƙi ta.

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce, ba ruwanmu. A zangon 2022 zuwa 2025 kuɗin da Firimiya ta samu daga haska wasanni a ƙasashen waje ya zarce na cikin Birtaniya. Kuɗin da matashi ke biya a ƙofar gidan kallo, da wanda mai gidan ke biya duk wata don a buɗe masa tasha, suna cikin wannan lissafin. Kuma a Afrilun 2021 mun ga yadda fushin magoya baya ya rusa shirin Super League, gasar da manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu, cikin kwana biyu.

Don haka abu uku nake nema: iyaka ɗaya ga kowace ƙungiya, wa'adi tsayayye na yanke kowace shari'ar kuɗi, da hukunci iri ɗaya ga babba da ƙarami. Mu kuma 'yan kallo akwai namu nauyin. Wanda ya yi murna ranar da ƙungiyarsa ta sayi ɗan wasan fam miliyan 100 ba shi da bakin zagin maƙwabci don ya sayi nasa. Abin da yake da haƙƙin tambaya shi ne ko an bi doka, kuma ko dokar ta hau kan kowa. Mai son adalci da gaske zai yarda da ita ko da ƙungiyarsa ce za ta rasa maki.